Kan Sarkin Kobo Biyar

A watan jiya ne aka kawo mana ƙaramin akwatin ƙarfe na ƙanwarmu, wadda Ubangiji ya kira gida bara. 'Ya'yanta suka ce tsofaffin takardu ne a ciki, su kuwa ba su san kansu ba, mu duba ko akwai abin ajiyewa. Da yamma muka zauna a inuwar mangwaro, mu biyu, maigida da uwargida, tare da jikarmu 'yar shekara goma sha huɗu wadda ta zo hutu, muna ciro su ɗaya ɗaya. Ga takardun shaida, ga hotuna, ga katin asibiti na yara. Can ƙarƙashi sai ga wani ambulan ruwan ƙasa, gefensa duk ya cinye. Rubutun hannun maigida ne a kansa. An ja layi biyu bisa adireshin, an rubuta da jan alƙalami a mayar wa mai aikowa. A kusurwar dama ta sama kuwa akwai kan sarki ɗaya tak, na kobo biyar, mai hoton shanu.

Muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan rabonmu da wannan ambulan, ba ta kuwa taɓa gaya mana ta ajiye shi ba.

Yarinyar ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Kaka, wannan ɗan hoton fa, na mene ne?"

Muka ce, "Kan sarki ne."

Ta ce, "Ai ni ban ga sarki ba, shanu na gani."

Gaskiyarta. Muka gaya mata abin da muka sani, bari mu gaya muku ku ma, gama muna tsammani a gidaje da yawa akwai yara irinta. Dā can a Ingila, mai karɓar wasiƙa shi ne yakan biya kuɗin kawowa, bisa ga nisan hanya da yawan takardun. Kuɗin kuwa da yawa, har matalauci yakan ga wasiƙar ɗansa a hannun masinja ya ce a mayar, ba shi da abin biya. Sai wani mutum mai suna Rowland Hill, wanda dā malamin makaranta ne, ya kawo shawara mai aikawa ya riƙa biya tun da fari, kuɗi kaɗan, iri ɗaya ko ina cikin ƙasar, a liƙa 'yar takarda ta zama shaidar an biya. Ran 6 ga Mayu 1840 aka fara aiki da ita. Baƙa ce, ta kwabo ɗaya, da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Sa'ad da Turawa suka buga wa Nijeriya ta Arewa nata a 1900, kan wannan sarauniya ne a jiki. A 1902 kan Sarki Edward na bakwai ya maye gurbinsa, a 1912 sai na Sarki Joji na biyar, nasa ne kuma a jiki da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914. Kakanninmu suka duba, suka faɗi abin da idonsu ya gani, watau kan sarki. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka daina sa kan mai sarautar Ingila, amma sunan ya riga ya zauna. Wannan mai shanun yana cikin waɗanda aka fitar a 1973, shekarar da muka bar fam da sule muka koma naira da kobo. Na kobo 10 yana da namun dajin Yankari, na kobo 30 kamun kifin Argungu, na naira ɗaya kuwa gadar Eko ta Ikko.

Ta ce, "To, don me aka dawo da wannan?"

Nan ne maganar ta yi nauyi.

A 1974 muna zaune a wani ƙauye inda maigida yake koyarwa a makarantar firamare. Shekararmu biyu da aure. Ƙanwar maigida tana wurinmu, ta gama makaranta da sakamako mai kyau, ba kuwa abin da take so a duniya kamar aikin nas. Tun tana ƙarama ita ce mai wanke wa yara gyambo a unguwa. Baba bai so ba. Akwai wanda ya riga ya aiko da gaisuwa gida domin ta, mutumin kirki ne kuma, mai gona da yawa. Da kyar Baba ya ce mana, "Na ba ku shekaran nan. In makarantar ta ɗauke ta, shi ke nan. In ba ta ɗauke ta ba, ku maido mini da 'yata."

Muka sami fom na wata makarantar koyon aikin nas. Abin da suka ce a haɗa da shi ba kaɗan ba ne: takardun shaida, da takardar shugaban makarantarta, da hotuna, da takardar kuɗi ta gidan waya domin kuɗin jarrabawa, da wani ambulan kuma wanda muka rubuta adireshinmu muka liƙa masa kan sarki domin su aiko da amsa. Dole kome ya isa hannunsu kafin ƙarshen wata. Muka cika fom ɗin da dare a hasken fitilar ƙwai, mu uku, sai da muka gwada a wata takarda sau biyu kafin maigida ya sa alƙalami. Muka yi addu'a, muka manne ambulan. A cikin gwangwanin da muke ajiye allura da zare akwai kan sarki na kobo biyar, irin wanda muka saba liƙa wa kowace wasiƙa. Aka ɗauki ɗaya aka liƙa.

Har wa yau ba mu daidaita a kan wanda ya yi laifin ba. Uwargida tana cewa ita ce, gama hannunta ne ya liƙa, ta kuwa ji nauyin ambulan ɗin, zuciyarta ta ce mata wani abu, amma ta yi shiru. Maigida yana cewa shi ne, gama shi ya hau keke ran Asabar zuwa gari, mil goma sha biyu, ya tsaya faci a hanya, ya kuma tsaya gaisuwa a kasuwa fiye da kima, ya tarar an rufe kanta. Akwatin jefa wasiƙu yana nan a jikin bango, bakinsa a buɗe. Ko dai ya komo ran Litinin bayan an tashi makaranta, ya sāke yin mil ashirin da huɗu, ko kuwa ya jefa. Ya jefa.

Muka yi ta jira. Adireshinmu akwatin gidan waya na Ekklesiya ne, gama a ƙauyen duka shi kaɗai ne, kowa da shi yake amfani, Kirista da wanda ba Kirista ba. Mai bishara ne yake riƙe da mabuɗin, yakan je gari sau ɗaya a mako, ran Lahadi bayan sujada a tsaya a ƙofar majami'a a kira sunaye. Lahadi ta fari ba kome. Ta biyu ba kome. Ran Lahadi ta uku aka kira sunan maigida, aka miƙa masa 'yar takarda, wai ana nemansa a gidan waya ya zo da kuɗi.

Akawun da ya tarar dattijo ne mai haƙuri. Ya ɗora ambulan ɗin bisa ma'auni, ya juyo da shi domin maigida ya ga inda allurar ta tsaya. Ya ce, "Malam, ka gani? Wannan ya wuce nauyin kobo biyar nesa. In kuɗin kan sarki ya kāsa, mukan kai wasiƙar, amma sai mai karɓa ya biya abin da ya rage ninki biyu. Waɗannan mutane kuwa ɗaruruwan wasiƙu suke samu, ba za su biya wa kowa ba. Sun ƙi karɓa. Ka gode wa Allah ka rubuta adireshinka a baya, da ba don haka ba, da takardun shaidar yarinyan nan sun daɗe suna yawo." Maigida ya biya tarar. 'Yan kobo ne, ba su kai kuɗin facin da ya yi a hanya da ƙosan da ya ci a kasuwa ba. Wata kuwa ya riga ya ƙare da kwana shida.

Ba za mu manta da daren nan ba. Ƙanwarmu ta karɓi ambulan ɗin, ta buɗe, ta ƙirga takardunta, ta ce, "Ba kome, Yaya." Ta shiga ɗaki. Da ta yi kuka ko faɗa, da ya fi mana sauƙi. Muka rubuta wa makarantar muna roƙo, suka amsa da ladabi cewa an rufe, sai baɗi.

Wa zai gaya wa Baba? Maigida ya ce shi zai tafi, amma uwargida ta ce a bar ta, gama ɗa da uba in sun haɗu a kan magana irin wannan, murya takan hau. Ta tafi, ta durƙusa a zaure, ta ce, "Baba, makaranta ba ta ƙi ta ba. Takardarta ce ba ta shiga ba, mu ne kuwa muka jawo. Kada a hore ta a kan laifinmu." Ya tambaya yadda aka yi, ta faɗa masa duka, ba ta rage kome ba. Ya daɗe yana duban ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Watau duk karatun mijinki, bai san a auna kaya kafin a biya kuɗin mota ba?" Baba bai taɓa rubuta wasiƙa ba a ransa, amma ya sha kai gyaɗa kanti, ya san abin da ma'auni yake nufi. Ya ƙara mana shekara ɗaya, bisa sharaɗi ta komo gida ta yi aikin damina da kaka. Ta yi. 'Yan ajinta biyu suka tafi makarantar a shekaran nan, suna zuwa hutu da fararen riguna, ita kuwa tana bakin rijiya. Mai neman aurenta bai jira ba, mutanen gari kuma ba su bar ta ta manta da haka ba.

Da shekara ta kewayo, mu uku muka tafi gidan waya ran Talata da safe. Aka auna, muka sayi abin da akawu ya ce, muka ƙara kuɗin rajista, aka ba mu rasit. Aka ɗauke ta. Ta yi shekara talatin da biyu tana aikin nas.

Tun daga ran nan ba mu ƙara jefa wasiƙa mai kauri a akwati ba sai an auna. Kuɗin wasiƙa bisa ga nauyi yake, hawa hawa, a ƙasashe da yawa kuma hawa na fari giram 20 ne. Farar takarda guda irin ta ofis takan yi wajen giram 5. Ashe ambulan da takarda uku sun kusa cika ma'auni. Ka ƙara hoto ɗaya ko kati, ka haye. Hannu ba ya iya rarrabe giram 18 da giram 25, kome gwanintar mutum. Kuɗin kuma yakan canja. Abin da ya isa bara ba lalle ya isa bana ba, tambaya kuwa kyauta ce.

Dattijon nan ya zama abokinmu, ya koya mana waɗansu abubuwa da ba a koyarwa a makaranta. Muka tambaye shi don me sai a kusurwar dama ta sama, a gefen da adireshi yake. Ya ɗauko tulin wasiƙu ya jera su fuska ɗaya, ya kama hatimi da hannun dama, ya shiga bugawa, tim, tim, tim, yana ture su da hagu, ko dubawa ba ya yi. Ya ce a manyan birane inji ne yake yin wannan aiki, inji kuwa kusurwan nan kaɗai ya sani. Wanda ya liƙa nasa a baya, kamar yadda waɗansu suke yi wai su ƙara manne bakin ambulan, ko a ƙasa, ko a tsakiya domin ado, sai a ware wasiƙarsa gefe har a sami mai lokacin dubawa. In kan sarkin ya fi ɗaya, a jera su kusa da juna, kada wani ya hau wani ya rufe kuɗin da aka rubuta, gama akawu ba zai lissafta abin da bai gani ba. Kada a rufe shi da salatif, hatimi ba ya kama shi. Kada kuma a jiƙa shi sharkaf, gam ɗin yakan wanke, ya faɗi a cikin jaka tun wasiƙar ba ta bar gari ba. Da damina muka sha asara, mu sayi goma mu ajiye, raɓa ta manne su wuri ɗaya. Daga baya uwargida ta koyi sa su a tsakanin warƙoƙin littafi, cikin gwangwani mai murfi.

Kuskurenmu na biyu bai yi tsada kamar na fari ba, amma ya ba mu kunya. Uwargida tana da wa a Maraɗi, cikin ƙasar Nijar, ba ya amsa wasiƙa. Muka ce watakila kuɗi ne ba shi da su, bari mu sauƙaƙe masa. Muka sa ambulan a cikin tamu, muka liƙa masa kan sarkin Nijeriya har na jirgin sama. Bayan wata biyu amsarsa ta zo da kan sarkin Nijar, namu kuwa yana ciki a naɗe. Ya ce sun yi masa dariya a gidan waya. Ashe kan sarki a ƙasar da ta buga shi kaɗai yake biyan kuɗin aikawa. Tun 1874, da aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na Suwizalan, ƙasashe suka yarda wasiƙar da aka biya a inda ta tashi za ta isa inda za ta ba tare da ƙarin kan sarkin kowace ƙasa a hanya ba. Domin haka namu yakan kai wasiƙa har Maraɗi ko Kumasi ko Landan. Amma ba ya iya komo da ita. Abin da ya kamata mu saya a lokacin wata takardar amsa ce ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fara tun 1907, mai karɓa ya kai gidan wayan ƙasarsu a musanya masa da kan sarkinsu. Ba mu san da ita ba sai da aka yi mana dariya.

Akwai kuma shuɗiyar takardan nan ta jirgin sama, wadda ita ce takardar rubutu, ita ce kuma ambulan. Arha gare ta domin ba ta da nauyi, an kuwa rubuta a jikinta kada a sa kome a ciki, in an sa za ta bi hanyar ƙasa da ruwa. Wata maƙwabciyarmu ta soka hoton jariri a ciki zuwa wurin ɗanta da yake karatu a Ingila. Kafin hoton ya isa, yaron ya fara rarrafe.

Abu ɗaya ne maigida bai taɓa yi wa sassauci ba. Waɗansu 'yan makarantarsa sukan ɓamɓare kan sarkin da hatimi bai kama sosai ba, su goge, su sāke liƙawa. Suna ganin wayo ne. Yakan ce musu an riga an yi aikin da aka biya da wannan, mai sāke liƙa shi yana so a yi masa aiki ne ba biya, sunan wannan kuwa kowa ya san shi, ko da na kobo biyar ne. Wayon ma ba sabo ba ne. Baƙin kan sarkin nan na fari bai cika shekara ɗaya ba aka canja shi, gama jan hatimin da ake buga masa ba ya fitowa sosai, yana kuma gogewa. A 1841 aka mai da kan sarkin ja, hatimin kuwa baƙi.

Mun sani zamani ya juya. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, wasiƙu suka koma hannun NIPOST. A 2001 wayar hannu ta shigo, kiran sunaye a ƙofar majami'a ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ko a Turai haka abin yake. A Ingila, tun ƙarshen Yuli 2023 tsofaffin kan sarki na yau da kullum marasa sabuwar alamar da inji yake karantawa sun daina aiki, wanda ya liƙa su kamar bai biya ba ne. A watan Maris 2025 kuma gidan wayan ƙasar Danmak ya ba da sanarwar zai daina kai wasiƙu a ƙarshen shekarar. Duk da haka takardar shaida ta ainihi, da takardar fili, da ta kotu, ba su bin iska. Wani ne zai ɗauka ya kai, ko gidan waya ko kamfanin aika saƙo, dukansu kuwa da ma'auni a kan kanta. Yaranmu da suka iya latsa waya da ido a rufe, da yawansu ba su san inda ake rubuta sunan mai karɓa da inda ake rubuta na mai aikawa ba. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya nuna musu.

Jikarmu ta saurara har muka gama. Sai ta sa hannu a cikin tsohon ambulan ɗin, ta jawo wani ƙarami a naɗe biyu. Na amsar nan ne, wanda makarantar ba ta taɓa gani ba. Adireshinmu na ƙauye yana nan, da kan sarkinsa mai shanu, sabo ful, hatimi bai taɓa shi ba.

Ta ce, "Kaka, wannan zai yi aiki yanzu?"

Muka ce kobo biyar ba ya sayen kome yau, ko mai ƙosai ba ta san kamanninsa ba. Ta ce to, ita dai tana so ta aika da wasiƙa ko sau ɗaya. Ta zauna ta rubuta wa goggonta, babbar 'yar marigayiya, shafi huɗu, ta ba ta labarin ambulan ɗin duka, gama ashe ita ma ba ta taɓa ji ba. Ta ce za ta sa hoto. Muka ce ta sa. Kashegari muka shiga Keke Napep mu uku zuwa gidan waya. Ita ta miƙa, ita ta ce a auna, ita ta biya daga kuɗinta. Ta liƙa a kusurwar dama, ya ɗan karkace, ta so ta ɓamɓare ta gyara, uwargida ta riƙe mata hannu.

Bayan kwana tara goggon ta kira mu a waya, ta ce wasiƙa ta iso, ta karanta sau uku. Ta roƙa a ajiye mata ambulan ɗin uwarta, za ta zo da Kirsimati ta ɗauka. Ƙaramin na ciki kuwa jikarmu ta riga ta tafi da shi makaranta, cikin littafin lissafinta.